Askar da Ta Kauce

“Wannan alamar fa, Baba? Ina ƙafafunta suka kalla?”

Baba ya ɗaga yatsa ya nuna sama. Likitar ta sauko da sandarta zuwa layi na gaba a jikin allon gwajin ido, inda alamomin suka yi ƙanana har Dogo, da ke tsaye a bayan kujerar mahaifinsa, sai da ya ƙanƙance ido kafin ya gane su. Baba ya nuna hagu, ya nuna ƙasa, ya sake nuna hagu. Har layin ƙarshe bai kuskure ko ɗaya ba.

“Kai, Baba, ai idonka ya fi nawa,” in ji likitar tana dariya. Gajeriyar mace ce mai saurin magana. Ita ta cire masa yanar ido watannin baya, yau kuma dubawar ƙarshe ce ta kawo su. “To yaya aiki? An koma aski dai ko? Ban manta ba, ana shirin shiga da kai tiyata kana faɗa wa ma'aikacinmu wanda ya yi masa saje ya cuce shi.”

Baba ya sunkuyar da kai yana murza yatsun hannunsa na dama. Dogo ne ya amsa.

“Ai mun hutar da shi, Likita. Shekaru sun ja.”

“Sun ajiye ni dai,” in ji Baba, bai ko ɗago ba.

A yi wa Dogo adalci, ba mugun ɗa ba ne. Irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu a karkace su wuce, kuma in za su gyara, to yanzu-yanzu. Abin da ya fi tsone masa ido a duniya kuwa shi ne tsohon tabarau ɗin mahaifinsa, mai kaurin gindin kwalba. Tun Dogo na makaranta tabarau ɗin ya faɗi a shago wani ya taka shi, Baba ya ɗaure ƙafarsa da zare ya mayar a hanci, gilashi ɗaya a sama, ɗaya ya zame wajen kunci. Da shi Baba ya yi shekara da shekaru yana fitar wa mutane saje daidai wa daida, da shi yake bin maƙogwaron mutum da tsirarar aska, ba a taɓa jin ya yanki kowa ba. Amma Dogo kunyar abin yake ji. Ranar da zai fara kai Baba asibiti ma sai da ya sa ya cire shi tun a gida, ya riƙe masa hannu har gaban likita. Da aka gama aiki aka ba shi sabo ɗan siriri, Dogo da hannunsa ya jefa tsohon a shara, yana jin ya sauke wani nauyi.

Ranar da Baba ya koma shago, wanda ya fara hawa kujera shi ne Direba, abokinsa tun suna samari, wanda ya gama tuƙin manyan motoci ya dawo gida ya zauna. Baba ya shafa masa kumfa, ya kai aska gefen saje, sai askar ta sauka a kunne. Kunne kuwa ba ya raina yanka. Kafin ka ce me, farin tawul ya rine. Direba na danne da wurin yana ta ƙyaƙyata dariya, yana cewa, “Idon da aka gyara ne ya yi wannan aika-aika? A dawo masa da tsohon!” Baba bai yi dariya ba. Da maƙwabcin shago ya kira Dogo a waya ya baro ofis a guje, zaune ya tarar da Baba a kan benci yana kallon hannunsa. Dogo bai tsaya tambaya ba, ya tattara kayan askin a akwatinsu, ya ja ƙofa ya datse.

A ranar ya kira Yaya, babbar yayarsu da ke aure a wani gari. Ta ce, “Yau kunne ne, gobe maƙogwaro. So kake a ɗaure mana uba da tsufansa?” Shi ke nan magana ta ƙare, ba wanda ya tambayi mai hannun. Bayan 'yan kwanaki Direba ya zo har gida da filasta a kunne, ya ce rabin gemunsa na nan yana jira, a fito a ƙarasa masa. Dogo ya tare shi a ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi masa godiya mai yawa, ya sallame shi. Baba na ciki yana jin su.

Tun daga nan Baba ya koma zaman ƙofar gida. Duk wanda ya wuce, ba fuskarsa yake kallo ba, ƙeyarsa yake bi da ido. Inna ta yi ta ƙorafi cewa ba ya cin abinci sai ɗan taɓawa, kuma ya daina tsokanarta, abin da ya fi damunta ke nan. Dogo ya ce sabo ne, zai saba. Da wanda ya ba su hayar shagon ya matsa cewa ba zai bar wuri a rufe ba, Dogo ya saki. Da safen nan, kafin su taho asibiti, ya miƙa makulli ga wani mai gyaran waya da ya kama wurin.

Kaɗan daga cikin wannan ya gaya wa likitar, a gajarce, da muryar wanda ya san ya yi daidai. Ita kuwa ta daina dariya. Ta jawo kujerarta kusa da Baba.

“Baba, ta wane gefe askar ta kauce?”

“Dama. Ina kallon wurin, ina ganinsa tar kamar yadda nake ganinki. Hannun ne ya yi tafiyarsa.”

“Ya yi rawa?”

“Hannuna bai taɓa rawa ba.” Ya miƙa shi a gabanta. Ko motsi.

“A gida fa? Kofi, cokali, mariƙin ƙofa?”

“Da fari na yi ta ɓarin shayi. In kai hannu, in ture kofin. Yanzu babu.”

“Tabarau ɗin da kake sawa kafin aiki, yaya yake? Ni ban taɓa ganinsa ba.”

Baba ya waiga ya dubi ɗansa. Dogo ya yi gyaran murya, ya ce wani tsohon abu ne, a karkace, duk zare. Likitar ta ce a karkace yaya, ya kwatanta mata da yatsu a fuskarsa. Ta ce tun yaushe, ya ce tun yana yaro. Ta ce, “Ikon Allah,” ta tashi ta buɗe durowa.

Wani tabarau ta ɗauko mai baƙin baki, gilashinsa da kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗaya gefen. Ta ɗiga baƙin ɗigo a jikin farin allo, ta miƙa wa Dogo tabarau ɗin.

“Sa wannan. Ka taɓa min ɗigon nan da yatsa. Da sauri, ban da lallaɓawa.”

Dogo ya sa, yana jin abin wasan yara ne. Ga ɗigo nan ƙuru-ƙuru. Ya kai yatsa, yatsan ya sauka can hagu, nesa da ɗigon da kusan faɗin tafin hannu. Ya ce, “A'a!” Ya sake, ya sake kaucewa, amma ba kamar na farko ba. Ta ce ya ci gaba. Yana yi yatsan na matsowa, shi bai san yadda aka yi ba, har ya fara sauka a kan ɗigon cak, ya yi ta sauka.

“Yauwa. To cire. Yanzu idonka ne na Allah, ba komai a gabansa. Taɓa.”

Dogo ya kai yatsa da ƙarfin gwiwa. Yatsan ya wuce ɗigon ya sauka dama.

Ya tsaya yana kallon yatsan nasa. A bayansa ya ji wani sauti da ya yi watanni bai ji ba. Baba ne ke dariya, ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na girgiza.

“Shekaru sun ja, Dogo,” in ji shi.

Likitar ta ce, “Ka ga abin da ya same ka? Tabarau ɗin nan yana tura komai hagu. Ƙwaƙwalwarka ta ga hannu na kuskure, sai ta riƙa ƙara masa 'yar dama, ba ta ko yi shawara da kai ba. Da ka cire, ba ta sani ba, ta ci gaba da ƙarawa. Kai na ɗan lokaci ka sa. Baba kuwa rabin rayuwarsa ya yi yana aski a haka. Hannunsa bai lalace ba, biyayya yake wa tabarau ɗin da babu shi. Sake taɓawa.”

Dogo ya sake. Ya kauce kaɗan. Ya sake, ya sake, yatsan ya dawo kan ɗigon.

“Ka gani? Da kuskuren take gyarawa. Sai ta kuskure ta ga ta kuskure. In ka hana hannu kuskure, ka hana shi koyo.”

“Amma Likita,” in ji Dogo, “ai yanzu yana shan shayinsa lafiya. Ke nan ya warke da kansa?”

“Na kofi ya warke, don kullum yana ɗaukar kofi. Sau da yawa kowane aiki da nasa koyon. Na aska yana nan inda kuka bar shi, yana jira.”

“Da a ce ya ci gaba fa? A lokacin?”

Ta ɗaga kafaɗa. “Ba zan rantse maka ba. Amma mutum mai hannu irin wannan? A hankali, a fara da wurin da ba haɗari, ina jin da ba a daɗe ba. Ƙwaƙwalwa ba ta zubar da sana'a haka kawai. Da na ga tabarau ɗin nan tun farko, wallahi da na gargaɗe ku.”

Dogo ya ajiye tabarau ɗin a kan tebur a hankali. Kunya ta rufe shi, da wani abu da ya fi kunya ciwo. Ya yi godiya, bai ma san me ya ce ba.

Suka hau bas. Baba na gefen taga yana kallon waje da sabon idonsa, Dogo na ta latsa waya yana kiran mai gyaran waya, ba a ɗauka. Da suka zo kwanar kasuwa ya ce wa yaron mota akwai sauka. Baba bai tambayi dalili ba, ya bi shi.

Tun daga nesa suka ji bugun guduma. Ƙofar shagon a buɗe take. An cire babban madubin, an jingine shi a waje fuskarsa na kallon bango. Inda yake a da, fentin wurin ya fi na sauran bangon haske, kuma kafinta ya riga ya kafa katako biyu a kai. Kujerar askin na bakin kwata, an ɗora mata buhun siminti. Mai gyaran wayar, wani saurayi mai fara'a, ya fito yana goge hannu, ya gaishe su da ladabi. Dogo ya ja shi gefe ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, har da roƙo. Saurayin ya saurara, ya ce don Allah a yi haƙuri. Ya saki wancan wurin nasa, kayansa na hanya, matarsa ta kusa haihuwa. Ina zai nufa? Dogo ya san gaskiyar yaron ce.

Baba bai shiga ba. Ya je ya sauke buhun simintin daga kan kujerar, shi kaɗai, yana nishi, ya kakkaɓe ƙurar da gefen hannu. Sannan ya ce, “Mu je gida. Rana ta yi.”

Suna shiga Inna ta taso daga bakin murhu tana tambayar me likita ta ce. Baba ya ce an ce idonsa ya fi na likita, ya nufi tabarmarsa. Dogo ya wuce ɗaki kai tsaye, ya taka kujera, ya sauko da akwatin kayan askin daga saman durowar kaya, inda shi da kansa ya ɓoye shi. Ya kawo ya ajiye a gaban mahaifinsa. Ya cire rigar ofis ya rataye a igiyar shanya, ya jawo ƙaramar kujera tsakar gida, ya zauna.

“Baba, a yi min gyaran fuska.”

Inna ta saki ludayi. “Kai Dogo, kana da hankali kuwa? Ba kai ka ce kar a sake ba shi aska ba? Gobe fa kana da ofis!”

“Inna, kawo mana ruwan ɗumi.”

Baba ya daɗe yana kallon akwatin. “Ba sai ka yi haka ba,” in ji shi.

“Na sani.”

“Zan yanke ka.”

“Na sani, Baba.”

Baba ya tashi ya wanke hannu har gwiwar hannu. Ya buɗe akwatin, ya fito da askar, ya maƙala fatar wasawa a ƙusar bango ya shiga wasa ta, gaba da baya. Ya yafa wa Dogo tawul, ya kaɗa sabulu da burushi har ya yi kumfa, ya shafe masa fuska. Sai da yatsun nan masu sanyi suka kama haɓarsa suka juya ta, Dogo ya tuna rabon da hannun nan ya taɓa masa fuska. Tun da ya sami aiki ne. Ya koma shagunan da ke da kiɗa da na'urar sanyaya ɗaki, yana ce wa kansa ba ya son ya wahalar da tsoho. Baba bai taɓa yi masa maganar ba, ko sau ɗaya.

Askar ta taho. Dogo ya ji wani siririn zafi a gaban kunnensa na dama, sannan ɗumi na gangarowa cikin kumfa.

“Innalillahi!” in ji Inna. “Ai ga shi nan! Na faɗa!”

Baba ya sauke hannu. “Ka gani ko?”

“Na gani. Kai ma ka gani?”

“Na gani.”

“To ci gaba.”

Baba ya danna auduga a wurin har jinin ya tsaya. Ya ja numfashi, ya sake kai askar. Wannan karon ba ta yanka ba, amma ta ci saje fiye da inda ya nufa. Ya yi tsaki. Ya sake, ta ɗan kauce. Ya koma tsakiyar kunci inda akwai fili, ya riƙa jan ta gajere-gajere, yana gogewa a tawul, yana sake ja. Inna ta koma bakin murhu ta juya musu baya, tana ta addu'a a bayyane don su ji.

Dogo ya rufe ido. Da kunne ya gane lokacin da abin ya canza. Jan askar ya daina tsayawa yana shakka, ya yi tsawo, ya yi sumul, ƙar, ƙar, ƙar. Yatsun hagun Baba suka riƙa gaba suna miƙe fata, askar na biye da su. Ya zagaye gefen baki, ya bi ƙarƙashin hanci, ya tura haɓar Dogo sama da ɗan yatsa ɗaya. Sanyin ƙarfe ya sauka a maƙogwaro.

“Kar ka haɗiye yawu,” in ji Baba, da wata murya da Dogo ya sani tun yana ƙarami, muryar shago. “Wa ma yake maka aski? Dubi nan. Wannan ba gyaran fuska yake maka ba, sassabe yake. Kuma kana biyansa?”

Dogo ya so ya yi dariya, ba hali. Hawaye ne suka zubo ta gefen ido suka shiga kumfar. Baba ya share su da tawul tare da kumfar.

Da ya gama ya rage ɗaya sajen ya daidaita shi da wanda ya ci, ya shafa masa ruwan sanyi, ya miƙa masa ƙaramin madubi. Ban da ɗan yankan nan na gaban kunne, Dogo bai taɓa ganin fuskarsa ta fita haka ba. Inna ta zo ta leƙa, ta riƙe baki.

“Baba, zan nemo wani shagon,” in ji Dogo da sauri. “Ko a bakin titi ne. Gobe-goben nan zan fara nema. Kujerar ma zan sa a ɗauko.”

Baba na wanke askar a sauran ruwan ɗumin. “Ka nemo wa wa? Mutanena sun watse, Dogo. Watanni nawa? Gashi ba ya jira. Kowa ya sami inda yake kai kansa, kuma ba zan bi su gida-gida ina cewa na warke ba.”

“Za su dawo.”

“Wasu.” Ya goge askar, ya ɗaga ta yana duba bakinta a hasken rana. Hannun na nan cak, bai ko motsa ba. Ya daɗe yana kallonta. Da ya yi magana, ba faɗa a muryarsa, ba zargi, mamaki ne kawai, kuma da faɗan ya yi da ya fi wa Dogo sauƙi.

“Ashe duk zaman nan da na yi,” in ji shi, “fuska ɗaya kawai na rasa.”